Matajin Mai Cikakken Gida

Litinin, 6 ga Oktoba, da yamma

Yau mutanen gidan Tang suka kawo kayan auren Yuet-Ming. Kwakwa, ganyen shayi, busasshen naman kaza, da kek ɗin amarya kwali-kwali har suka tare ƙofar ɗakin Fong. Busasshen kifin da suka haɗo da shi ko maƙiyina ba zan sayar wa irinsa ba, amma na ja bakina na yi shiru. Ni da na tsufa ina sayar da kifi a bakin tashar jirgin ruwa, an kawo mini na kanti wai in yaba.

Uwar ango ta kama hannuna da hannu bibbiyu.

"Matar Kwok, ke za ki taje mana kan amarya ko? Ni fa ba na wasa da irin waɗannan abubuwan. Mai cikakken gida nake so, miji da rai, ɗa da 'ya, jikoki, ba giɓi ko ɗaya."

Na ce duk tsibirin nan wa take tsammani ake kira in ba ni ba? Rabin matan layinmu ni na taje musu kai ana gobe biki, kuma har yau ba wadda ta dawo gidan ubanta da akwati.

Fong, faccalata, tana tsaye a bakin ƙofa da butar shayi. Ita ta haifi yarinyar, ita ta yi ta wankin kwanuka a gidan abinci har ta gama mata makaranta. Amma tun da ƙanin mijina ya rasu ya bar ta, hannunta ba zai taɓa kan amarya ba, ko ɗakin ba za ta shiga ba lokacin taza. Haka muka tarar, ba ni na ƙirƙiro ba.

An tambayi mijina Kam-Fai. Na ce yana Kowloon gidan 'yarmu Lai-Wah, yana gyara mata famfon kicin.

Mai duba ranaku ya ba da Lahadi, biyu ga Nuwamba. Tazar kai kuwa ranar Asabar, bayan faɗuwar rana.

Talata, 7 ga Oktoba, a cikin jirgin dawowa

Na kai wa Kam-Fai romon kifi asibiti. Ya kurɓa kaɗan ya ce na cika citta, alhali shi ne mai cewa kullum ban sa ba.

Likita ya kira ni da Lai-Wah gefe ya faɗi sunan abin. Ba zan rubuta shi a nan ba.

Da na koma bakin gadon sai ya ce, "Tsohuwa, kar wanda ya ji. In uwar ango ta ji, za ta sauya ki, ko ta ɗaga bikin. In kuwa na tafi kafin ranar, sai dangin miji su ce yarinya mai farar ƙafa ce, su yi ta mata gori har ta tsufa. Na gaya wa ƙanena matata ce za ta taje kan 'yarsa. Ke za ki taje."

Na ce, "To in ka yi mini halin naka fa?"

"Zan jira."

Na yi dariya har ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Kam-Fai zai jira! Mutumin da tun ranar da aka kai ni gidansa bai taɓa jirana ba. Hanyar tashar jirgi yana gaba ina baya da kaya. Abinci kafin in zauna ya share kwanonsa. Ranar da na haifi Wing ma ya gaji da zaman jira ya tafi buɗe shago.

Na ce, "Tsoho, yaushe ka koyi jira?"

Ya ce, "Ai ga shi an ba ni gado in koya."

Alhamis, 9 ga Oktoba, da safe

Wanda ya fito daga wancan wurin ba ya taɓa kayan amarya sai ya yi wanka da ganyen babban lemo. Na tsinko a bishiyar bayan gida.

Asabar, 11 ga Oktoba, da rana

Yuet ta zo shago da rigar bikinta a cikin leda wai in gani. Ja ce da zaren zinariya, tana da nauyi kamar jaririn wata shida. Ban taɓa ba, na ce hannuna duk ƙarnin kifi ne.

"Inna, yaushe Baffa zai dawo? A ofishin ɗaurin aure shaidu biyu ake so, shi na sa a namu ɓangaren."

Na ce famfon ne ya ƙi.

"Wane irin famfo ne wannan, Inna, ko kogi ake ja mata zuwa kicin?"

Na ce ta san Baffanta, in ya fara kwance abu sai ya kwance gidan duka. Ta yi dariya. Dariyarta irin ta ubanta ce, da hannu a kan baki. Na ba ta shawara ta sa sunan ɗan'uwan uwarta ko da wani abu zai taso. Ta ce me zai taso? Na ce ba komai, ta ɗauke rigarta daga kusa da kifi.

Talata, 14 ga Oktoba, da yamma

Ya dame ni sai na kawo masa kek ɗin amarya, mai jan ɓawon nan. Na kai. Ya juya shi a hannu, ya shinshina, ya ce na zamaninmu ya fi maiƙo. Ya gutsura ɗan kaɗan ya riƙe a baki, ya riƙe, ya riƙe. Daga baya ya nemi takardar goge baki.

Ya ce in ajiye masa a kan ɗan teburin, gobe zai ci.

Laraba, 15 ga Oktoba, da yamma

Kek ɗin yana nan.

Juma'a, 17 ga Oktoba, a tashar jirgi

Mun yi faɗa da Lai-Wah a bakin liftar asibiti, mutane suna kallo.

"Mama, wannan hauka ne. Wing yana Kanada bai san komai ba. Yuet da Baba ya goya a kafaɗa ba ta san komai ba. Duk saboda mataji?"

Na ce ubanta ne ya faɗa.

"Baba ya faɗa, Baba ya faɗa. Da ya ce ki faɗa teku fa?"

Na ce da na faɗa, kuma da na iske shi ya riga ni isa ƙasa.

Ba ta yi dariya ba. Ta ce su 'yan yanzu ba su yarda cewa sa'a tana bin haƙoran mataji ba. Na ce ranar nata bikin ai ba ta faɗi haka ba, zama ta yi tsit a gaban taga tana kuka, Goggo Bik tana taje mata. Ta ce wannan daban. Kullum nasu daban ne.

A ƙarshe na yarda ta kira Wing, da sharaɗin ya rufe bakin matarsa. Matar Wing in ta ji magana da safe, kafin rana ta yi tsaka an ji a Macau.

Na zauna a benci jirgi ɗaya ya tashi ina kallo. Ban san abin da ya hana ni shiga ba.

Litinin, 20 ga Oktoba, da yamma

Yau aka kafa gadon amarya a gidan Tang. Aikin mutum biyu ne, mai cikakken gida da mijinta. Shi ya tura gadon ya zauna inda mai duba ranaku ya nuna, ita ta shimfiɗa jan zanen gado ta watsa busasshen dabino da 'ya'yan bado. Ni da Kam-Fai mun yi wannan ya fi a ƙirga. Kullum sai ya tura gadon tun ban gama ɗaure gashina ba.

Na je ni kaɗai. Na yi wankan ganye sau biyu kafin in fita.

"Ina maigidan?" uwar ango ta tambaya tun ban cire takalmi ba.

Na ce bayansa ne ya riƙe, garin sunkuyo ƙarƙashin famfo.

Ta dube ni daga sama har ƙasa. Matar nan idonta kamar na mai sayen kifi da asuba, sai ta ɗaga kunnen kifi ta ga ciki.

"Baya kawai ko, Matar Kwok? Don kin rame."

Na ce hidimar biki ce.

"In akwai wata matsala ki gaya mini tun da wuri. Akwai matar ɗan'uwana a Yuen Long, jikokinta bakwai. Ba don komai ba, ɗana ɗaya ne tilo."

Na ce jikoki bakwai ba su ne iya taza ba, kuma matar da take faɗa na san ta, ko kan kanta ba ta iya gyarawa ba. Aka yi dariya, magana ta wuce. Mijinta ne ya tura gadon, ya tura shi a karkace, sai da na sa gwiwa na daidaita.

Na watsa 'ya'yan badon na fito.

Alhamis, 23 ga Oktoba, da safe

Na biya ɗakin bautar Tin Hau, mai tsare masu shiga teku, kafin in shiga jirgi. Na kunna turare na tsaya, ban san me zan roƙa ba. In ce ya warke? Likita ya gama magana. In ce ya kai ranar? To ai kamar ina cewa bayan ranar a ɗauke shi ke nan.

Tsoro nake ji, bari in faɗa a nan tun da ba mai ji. Ba na uwar ango ba. Ni na yarda da abin nan. Duk amaryar da na taje wa kai, na ji a jikina wani abu yana fita daga hannuna yana shiga gashinta. To yanzu me zai fita? In gidana ya riga ya tsage, a tsibirin nan ni kaɗai na sani, me nake shirin shafa wa yarinyar nan a ka?

Amma yana da rai. Jiya har zagina ya yi a kan matashin kai. Mai miji da rai aka ce, ba a ce mai miji da ƙiba ba.

Lahadi, 26 ga Oktoba, da yamma

Fong ta zo karɓar jan zare da kyandir. Ta ƙi zama, kamar yadda ta saba. Shekara da shekaru muna layi ɗaya, har yau a bakin kujera take ɗosanawa in ta zo gidana.

Ta leƙa ta tagar baya ta ce, "Yaya, bishiyar lemonku ta yi sanƙo."

Na ce tsutsa ce.

"Tsutsar tana da tsayi kuwa. Har iya inda hannu yake kaiwa ta ci, ta bar na sama."

Na ce to masaniyar tsutsa, ta ɗauki zarenta ta tafi, ina da aiki. Ta ɗauka. A bakin ƙofa ta juyo kamar za ta yi magana, sai ta ce in zan kai wa Yaya Kam-Fai romo in rage gishiri, masu gyaran famfo ba sa son gishiri.

Na zauna a kan buhun shinkafa na daɗe.

Laraba, 29 ga Oktoba, da rana

Sun mayar da shi ɗakin da ke ƙarshen baranda, shi kaɗai. Wing ya ce sai ranar Litinin zai samu jirgin sama.

Alhamis, 30 ga Oktoba, da yamma

Bai yi magana ba yau.

Juma'a, 31 ga Oktoba, a cikin jirgin dawowa

Na sayi sabon mataji na katako, ja, don ba a taje amarya da wanda ya taɓa wani kai. Na nuna masa a cikin ledarsa. Ya buɗe ido ya duba ya ce, a hankali sai da na kai kunnena, "Tsada."

Na ciro nawa tsohon daga jaka na taje masa ɗan abin da ya rage a kansa. Fari fat. Nawa ma da ban shafa baƙi ba haka yake. Na ce masa to ga shi, alkawarin taza ta biyu ya cika a kanmu, mun yi furfura tare, ko yana da ƙorafi? Ya motsa baki. Ina jin cewa ya yi na cika surutu.

Na zubar da kek ɗin, ya fara fumfuna.

Asabar, 1 ga Nuwamba, da la'asar, a cikin jirgi

Numfashinsa ya sauya tun safe. Ma'aikaciyar jinya ta ce in da hali kar mu yi nisa.

Lai-Wah ta tare ƙofa. "Mama, in kika fita yanzu, ki sani."

Na koma na zauna. Na riga na cire takalmi ma. Sai na ji yatsansa yana tura hannuna daga kan gadon, yana turawa, kamar yadda yake ture hannuna in na kai cokali kwanonsa.

Na sunkuya na ce, "Tsoho, ka ce za ka jira."

Ya rufe ido ya buɗe.

Na sa takalmina. Lai-Wah ba ta kalle ni ba. Ta ce za ta kira.

Jirgin nan yau kamar ana jan sa da igiya.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

An yi biki. Ina jin ganguna daga nan. Na rufe taga.

Talata, 4 ga Nuwamba, da safe

Bari in rubuta yadda aka yi, kafin in fara gyara shi a kaina.

Na yi wanka da ganyen ƙarshe da hannuna ya iya kaiwa. Na isa gidan Fong rana tana faɗuwa. Yuet ta yi nata wankan, ta sa sababbin jajayen kayan barci, ta zauna tana fuskantar taga. Jinjirin wata ya fito siriri a kan teku. An kunna kyandir biyu a gaban hoton ubanta. Ƙanwar uwar ango tana zaune a kusurwa, an aiko ta ta ga komai ya tafi daidai. Fong tana bakin ƙofa, ƙafarta ba ta tsallako dokin ƙofar ba.

Wayata tana aljihun rigata. Lai-Wah ce ta cire mata ƙara tun a asibiti, ta bar ta tana rawa kawai.

Na ɗora mataji a tsakar kanta na ja har ƙarshen gashin, na yi addu'ar farko, aure ya kai ƙarshe. Muryata ta fita daidai.

Na ɗaga hannu zan yi ta biyu, ta furfura, sai wayar ta fara rawa a ƙirjina.

Hannuna ya tsaya a sama. Na san in na ciro ta na ji abin da za a faɗa, to na tashi daga mai cikakken gida, matajin nan ya haramta a hannuna, a gaban baƙuwar nan. In ban ciro ba, ban sani ba. Wataƙila ruwa yake so. Wataƙila cewa za a yi in yi sauri.

Ƙanwar uwar ango ta ce, "Lafiya, Matar Kwok?"

Sai na ji muryar Fong daga bakin ƙofa, ita da ba ta taɓa ɗaga murya a gabana ba.

"Yaya, ƙarasa. Kyandir yana ci."

Na dube ta. Idonta yana kan aljihuna. 'Yarta ce a zaune, tilon 'yarta, kuma ta fi ni yarda da abin nan.

"Ƙarasa mata, Yaya."

Na ja ta biyu. Na ja ta uku, ta 'ya'ya da jikoki. Wayar ta yi shiru, ta sake farawa, ta sake yin shiru. Na ɗaure mata jan zare da ganye a gashi. Aka kawo dunƙulen shinkafa mai zaƙi, na ci ɗaya, na haɗiye shi ban san yadda aka yi ba. Yuet ta rungume ni ta ce Inna hannunki sanyi. Na ce iskar jirgi ce.

Fong ta bi ni har tashar jirgi da jakata a hannu.

Da na isa asibiti sun riga sun cire masa robobin. An gyara masa kwanciya. Wani ya taje masa kai ta gefen da ba ya so, na gyara.

Lai-Wah ta ce, "Mama, lokacin da na kira na farko..."

Na ce ta yi shiru.

"Amma Mama, ya kamata ki san..."

Na ce in ta ƙarasa maganar nan ba ni ba ita. Ta rungume ni ta baya muka tsaya a haka.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, da yamma

An gaya wa gidan Tang cewa ranar Lahadi da dare ya cika, ba zato. Sun aiko da gaisuwa. Sabuwar amarya ba ta shiga gidan makoki, don haka Yuet ta tsaya a bakin layi tana kuka, mijinta yana riƙe da ita. Na ɗaga mata hannu ta taga na ce ta tafi. Jan zaren yana ɗaure a wuyan hannunta.

Litinin, 10 ga Nuwamba, da rana

Mutane sun watse. Wing ya fita sayo abinci.

Fong ta shigo ba sallama, ta zauna a kujera, zama sosai, har da jingina. Ta dube ni ta ce kaina ya zama sheƙar tsuntsu. Ta ɗauki tsohon matajina a kan tebur ta tsaya a bayana ta fara tajewa. Baƙin da na shafa duk ya janye, fari ya fito daga tushe.

Na ce tun yaushe ta sani.

"Tun ranar kayan aure. Yaya Kam-Fai ya bar kek ɗin kyauta ya tafi gyaran famfo? Haba Yaya."

Na ce to me ya sa ta bari, in wani abu ya samu yarinyar fa?

Ta ci gaba da taza. "Wadda ta taje nawa kan jikokinta goma sha, mijinta ya kai casa'in. Kin ga dai yadda ta ƙare mini. Ni hannunki nake so a kan 'yata."

Can ta ce, "Kin tambayi Lai-Wah ƙarfe nawa ne?"

Na ce a'a.

"Kar ki tambaya. Ni ma ba zan tambaya ba. Ya ce zai jira, ki bar masa wannan ɗaya."

Na yi kukan da ban yi a wurin jana'iza ba. Ba ta ce in yi haƙuri ba, ta dai riƙe gashin kar ya warware.

Da za ta tafi ta ce 'yar gidan Lau za ta yi aure wata mai zuwa, sun riga sun yi wa matar mai gidan shayi magana ta taje mata. Na ce matar da ko addu'ar ba ta iya jerawa ba? Ta ce ita fa.

Ta sa takalminta. "In lokacin ya yi ki zo mu je, Yaya. Akwai wuri kusa da ni a bakin ƙofa. Daga nan ana ganin komai."